Abin da Ya Sa Zabuwa Ba Ta Waiwaye

A wasu gidajen sai an gama girbi ake zaman tatsuniya. A gidanmu da damina ake yi, domin ruwa ne kaɗai yake iya hana mu fita dandali. Ƙauyenmu yana tsakanin Zango da Baure, ƙasar jigawa ce, ta gero da gyaɗa da wake. In hadari ya haɗo da yamma, aka kwashe shanya, aka kora awaki turke, sai mu yara mu cusa kanmu cikin 'yar bukkar da Iya take girki. Wutarta ba ta mutuwa daga magariba har a kira lisha. Tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne, tana juya gyaɗa a kasko ko tana gasa mana ɗanyar masara, hayaƙi yana sa mu hawaye, mu kuwa ba mai motsawa.

Iya ita ta haifi Baba. Sunanta Dije, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Takwara, Baba kuma yake ce mini Uwata. Gajeriya ce, siririya, ba ta da yawan fara'a. Ban taɓa ganin ta goya jika ba, ban taɓa ganin ta yi wa jariri rawa a cinya ba. In an yi haihuwa a gidan takan leƙa sau ɗaya, ta ce Allah ya raya, ta koma bakin aikinta. Matan unguwa sukan ce zuciyarta ta bushe. Shi kansa Baba, yadda take magana da shi kamar da maƙwabci ne: a gaisa, a tambayi gona, shi ke nan. Sunansa na yanka Idi, amma duk garin Ajuji ake kiransa, ni kuma a lokacin ban taɓa tambayar dalili ba.

Abin da Iya ta ba wa zuciyarta a fili shi ne zabi. Tana da su sun fi talatin. Da damina ta kama sai su bazu cikin dawar da ke bayan gonakinmu, su yi ƙwai a ƙarƙashin sabara da geza. Iya ta san duk inda suke ɓoyewa. Da dogon ludayi take kwaso ƙwan, wai kada zabuwa ta ji warin hannu ta ƙaurace wa gurbin, kuma kullum takan bar mata biyu ko uku. Waɗanda take son a ƙyanƙyashe kuwa kaza take sa wa. Ta ce zabuwa ba uwar da za a ba wa amana ba ce, domin da 'ya'yanta sun fito sai ta sa kai cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, wanda ya iya bi ya bi, wanda ya gaza ya kwanta nan.

Lokacin da nake da shekara tara, Iya ta sa wa wata baƙar kaza ƙwai ashirin ta ce nawa ne. Na yi kusan wata guda ina leƙen akurki safe da yamma. Ranar da suka fara fitowa ko karin kumallo ban yi ba. Goma sha bakwai suka fito, 'yan mitsi-mitsi, masu zane-zane a ka da jajayen ƙafafu, suna gudu kamar an watsa tsakuwa. Iya ta koya mini yadda ake kama musu gara: a cika tsohuwar tukunya da guntayen kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife a bakin suri, da safe a je a ɗauko. Ni da ƙanena Sale muke zuwa, ni ce mai ɗauka, domin shi tsoron cizon garar yake yi.

Ba su yi mako ba uku suka mutu. Kazar ta fita da su da sassafe kafin raɓa ta bushe, suka jiƙe, muka tsince su sun sandare. Bayan kwana biyu muka wayi gari babu biyu, sai sawun tunku a bayan akurki. Ɗaya ya faɗa cikin kaskon ruwa. Daga nan sai shirwa ta gane gidanmu. Takan zo da hantsi ta yi ta shawagi a sama, kazar ta yi kuka ta baza fukafukai, amma 'ya'yan zabi ba sa jin yaren kaza sosai, maimakon su shige ƙarƙashinta sai su watse. Na bar wasa, na zauna gadi da sanda da gwangwani ina bugawa. Duk da haka ta ɗauki huɗu a cikin kwana goma.

Akwai wani a cikinsu mai karkataccen yatsa wanda ya saba da ni, har yana cin gara a tafin hannuna. Ran nan da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi ba zato, muka bi su muna tsinta cikin ciyawa. Biyu sun riga sun mutu. Ina tsaye da sauran a cikin zanena, ruwan ya ɗan tsagaita, sai na hango shi can bakin danga yana rawar sanyi. Ban kai gare shi ba shirwa ta sauko ta gabana ta sure shi. Har yau ina iya jin ɗan kukan da yake yi tana hawa sama da shi.

Da magariba na ƙi cin tuwo. Iya ta jera huɗun da suka rage a cikin ƙwarya, ta lulluɓe su da tsumma, ta ajiye kusa da murhu su sha ɗumi. Na zauna a lungu ina kuka, ina cewa in na girma sai na kashe duk shirwar da ke duniya. Ba ta rarrashe ni ba, ba halinta ba ne. Sai da ta gama juya gyaɗarta, sannan ta ce, kamar yadda takan fara kullum, ga ta nan tafe, ba ƙafa ba takalmi. Sale da sauran yara suka ce ta shigo, ga tabarma. Ni kuwa na kasa kunne daga lunguna.

Ta ce a zamanin da dabbobi suke kai ƙara, an yi wata zabuwa a gindin wata tsamiya a tsakiyar dawa. Duk damina takan yi ƙwai ashirin ta ƙyanƙyashe, amma kafin kaka sai ta ga saura biyu ko uku. Raɓa ta ɗauki nata, tunku ya ɗauki nasa, maciji ya sha ƙwai tun a gurbi, shirwa kuma ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A lokacin zabuwa uwa ce ta gari, ta fi kaza kula da 'ya'ya, kowane ɗa ta san shi da sunansa. Wata shekara aka kwashe mata su duka, ko ɗaya ba a bar mata ba. Sai ta tafi wurin zaki ta faɗi a gabansa, ta ce ba za ta tashi ba sai an raba ta da masu cin 'ya'yanta.

Zaki ya sa aka kira su. Tunku ya ce shi ma 'ya'ya gare shi a rami. Shirwa ta ce ita ƙwai biyu take yi a shekara, da ƙyar take tsira da ɗaya, kuma ba ta iya cin ciyawa ba. Zaki ya so ya sallami ƙarar, amma kukan zabuwa ya karya masa zuciya. Wani tsohon kunkuru da ke gefe ya ce kafin a yanke hukunci a tambayi dawar kanta, ko za ta iya ɗaukar abin da za a ɗora mata. Aka yi masa dariya, aka ce wa ya taɓa jin an tambayi ƙasa. Zaki ya yanke cewa shirwa da tunku da maciji su ƙetare kogi, kada wanda ya sake taɓa ɗan zabo.

Sale ya tambaya, raɓa fa? Iya ta ce ita ma an ce mata ta riƙa jira sai rana ta fito sannan ta sauka, ka kuwa san raɓar da ta jira rana ba za ta sauka ba. Yara suka yi dariya, har ni sai da na ɗan murmusa a lunguna.

Damina ta farko, in ji Iya, ashirin ɗin nan duk suka rayu. A nan ta miƙe wuya ta gwada mana yadda zabuwar take tafiya a gaba, 'ya'ya a jere a bayanta, tana waiwaye tana ƙirga su tana sake ƙirgawa don daɗi. Ba ita kaɗai ba, duk zabin dawar haka suka samu. Damina ta biyu 'ya'yan suka yi nasu ƙwan, su ma babu wanda ya mutu. Kafin damina ta uku, in zabi suka tashi sama sai ka ce hadari ne, in suka sauka ba ka ganin ƙasa. Suka cinye fara. Suka tone suri suka cinye gara har uwar. Suka koma kan ciyawa, suna tsince ƙwayarta tun kafin ta nuna ta zuba. Da ruwa ya sauka a shekara ta huɗu, sai ya sauka a kan rairayi tsirara, ba abin da ya tsiro, domin irin da zai tsiro yana cikin cikin zabi. Zomo ya yi ƙaura, barewa ta bi shi.

Tafki ɗaya ne a dawar. Suka tattake bakinsa, suka cika shi da kashi, ruwan ya zama kore. Daga nan ciwo ya shigo. Da safe sai a ga ɗaya ya saki fukafukai ya sunkuyar da kai, kafin yamma goma sun bi shi. Ga yunwa ta riga ta cinye su, ga shi a kan reshe ɗaya ɗari suke kwana jiki da jiki, ciwon bai sha wahalar nemansu ba. Iya ta rage murya a nan. Ta ce tsohuwar zabuwar ba ta mutu ba, ita da ta fi kowa son mutuwar. Ta bi dawar tana juya gawarwaki da baki, tana kiran 'ya'yanta da jikokinta da sunayensu, tana cewa ku taho, ku taho. Da can shirwa takan bar mata biyu ko uku. Wannan karon ba a bar mata ko ɗaya ba.

Ta koma wurin zaki ta same shi ya rame, ƙasusuwa a waje, domin namun da yake ci duk sun gudu. Ta roƙe shi a dawo da waɗanda aka kora. Da shirwa ta dawo ita kaɗai ta dawo, 'ya'yanta sun mutu da yunwa a ƙetaren kogi. Ita da zabuwar suka dubi juna. Aka yi shekaru kafin iska da kashin shanun matafiya su dawo wa dawar da irin ciyawa.

"Tun daga ranar," in ji Iya, "zabuwa ta daina sa wa 'ya'yanta suna. Ta yi ƙwai da yawa, ta sa kai gaba, ba ta waiwaye. Kukan nan da kuke ji tana yi da yamma a kan danga, waɗancan take kira."

Ta ce tatsuniya ta ƙare a nan, ba don ta yi daɗi ba. Ruwa yana ta ɗiga daga bakin jinka. Na matso kusa da wuta na tambaye ta ko nufinta shirwa tana da kirki ke nan.

"Ban ce tana da kirki ba, Takwara. Na ce dawa tana da mudunta. In aka cika mudu ya wuce baki, ko ba wanda ya taɓa shi zai zube."

Ban san abin da ya kawo mini tambayar da ta biyo baya ba. Na ce, Iya, ke 'ya'ya nawa kika haifa? Innata tana bakin ƙofa da ƙwaryar tuwo a hannu, ta kira sunana da irin muryar da na san na yi laifi. Iya ba ta ɗago ba. Ta tura wani kara cikin wuta, ta ce ga babanki nan, ga gwaggonninki biyu, tashi ki ci tuwonki. Na ci. Zabin nan huɗu kuwa duk suka girma, ɗaya ma ta yi shekara shida a gidanmu.

Sai da na kai 'yan mata Inna ta gaya mini ma'anar sunan Baba. Ta ce kafin a haife shi Iya ta binne 'ya'ya bakwai a jere. Da aka haife shi sai tsofaffi suka ɗauke shi suka kwantar a kan juji na ɗan lokaci, don a nuna ba wanda ya damu da shi, ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Ta ce kada in kuskura in tayar wa Iya da maganar, ba wanda ya taɓa jin ta ambace su. Daga ranar na yanke a raina cewa na gane komai: Iya ita ce zabuwar, labarin kanta ta ba mu. Na ji tausayinta, amma a ƙarƙashin tausayin akwai ɗan haushi. Gani nake ta sallama, ta ɗauki mutuwar 'ya'yanta kamar rabon shirwa, ta hana wanda ya rayu ɗumin uwa.

Na yi karatu a Daura, na wuce kwalejin horon malamai, na dawo ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata. A cikin littafin da nake koyarwa na sake gamuwa da zancen Iya. An zana layi yana hawa, yana hawa, sannan ya kwanta ko ya faɗo. An ce kowace halitta tana haihuwa fiye da abin da wurin zamanta zai iya ciyarwa, kuma abinci da ruwa da fili da ciwo da masu farauta su suke tsayar da ita. Ban sha wahalar fahimta ba. Ina kuma ganinsa da idona duk lokacin da na je gida. Dawar da zabin Iya suke ƙwai ta zama gonaki har bakin hanya, an sare sabarar an yi girki da ita. Gonar kakanmu da ta ciyar da gida ɗaya an raba ta, an sake rabawa, har rabon wani bai fi a tsaya a wannan kunya a yi magana da na waccan ba. Zabin gidanmu suka ragu da kansu, don babu inda za su ɓuya su yi ƙwai, shirwa ma sai a yi kwanaki ba a ga giccinta ba.

Na yi aure a cikin Daura. Na haifi mace, Safiya, bayan shekara uku na haifi namiji, Habibu. Yana da shekara biyu da 'yan watanni, cikin damina, zazzaɓi ya kama shi. Kwana biyu ina ba shi magani a gida jikin yana sauka yana hawa. A rana ta uku da safe ya fara jijjiga, muka ruga asibiti. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, an sa masa ruwa, an nemo jini. Ana kiran la'asar ya cika a hannuna. Da safen nan ma sai da ya nemi in ba shi takalminsa.

A lokacin Iya ta tsufa ƙwarai, idonta ya kusa rufewa, ta yi shekaru ba ta fita ƙauye ba. Da labari ya kai mata ta ce sai an kawo ta. Baba ya yi ta ba ta haƙuri saboda hanya, ta ce in ba za a sa ta a mota ba za ta kama sandarta ta taho da ƙafa. Ranar sadakar uku aka shigo da ita ɗakina, Sale yana riƙe da hannunta. Ta sa aka fitar da matan da ke ciki, ta lallaba ta zauna a bakin katifa kusa da ni.

Kwana uku ina jin ana ce mini in yi haƙuri, wanda ya ba ni shi ya karɓa, Allah zai ba ni wani. Na san gaskiya ne, amma zuciyata ta cika. Da na ga Iya sai abin da ke raina tun ina yarinya ya fito, ban tauna ba. Na ce mata, kin zo ki gaya mini mudu ne ya cika? Kin zo ki ce rabon shirwa ne?

Ta lalubo hannuna ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Waccan ta zabi ce na ba ki, don ki ci tuwo. Ɗan mutum ba ɗan zabo ba ne."

Sannan ta fara lissafa su. Ta fara da ɗan farinta, wanda a al'ada ko sunansa ba ta faɗa, ta faɗe shi a fili: Mamman, kwana arba'in ya yi. Sai Hassana da Usaina, ƙyanda ta ɗauke su a mako ɗaya, Usaina ce ta riga. Sai Lami, wadda ta fara tafiya tana kama bakin turmi. Sai Ɗanjuma mai yawan dariya, gudawa ce ta yi ajalinsa lokacin yaye. Sai wata da ba ta kai ranar suna ba, amma ita a ranta Binta ta sa mata. Ta bakwai an sa mata Ayashe don a ɓatar da mutuwa, amma in ba kowa a ɗaki Rakiya take kiranta. Ita ce ta daɗe, ta shekara biyar, har tana raka ta tsintar ƙwan zabi tana riƙe mata ludayi. A shekarar yunwa ta tafi, lokacin Iya tana da cikin Baba. Ta faɗi inda aka binne kowannensu, da wanda ya yi masa wanka, da irin zanen da aka naɗe shi. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma hawaye yana bin tamojin fuskarta yana ɗiga a kan hannuna.

Ta ce da aka haifi Baba tsoro ne ya hana ta kallonsa. Duk wanda ta rungume an karɓe, sai ta ga kamar son nata ne yake nuna su. Ta bar wa uwar mijinta goyonsa, ita nono kawai take ba shi ta miƙa. Amma duk ranar da aka aike shi rijiya tana bayan zana tana leƙensa ta kafar kara har ya dawo. Da ya girma ta so ta saki jiki da shi, sai ta ga ba ta san ta inda ake farawa ba.

Kafin a mayar da ita gida ta tambaye ni ina Safiya. Aka kawo ta, ta shafa kanta da wuyanta, ta ce jikin da ɗan ɗumi, gobe-goben nan a kai ta a duba. Ta ce a zamaninsu ba su da inda za su kai, ni ina da shi, kada in zauna kuka in bar mai rai. Washegari muka kai ta, aka sami zazzaɓin a jininta, aka ba ta magani ta warke.

Har yanzu ina koyar da darasin nan kowace shekara, kuma ba na rage komai a cikinsa. Gaskiya ne ga zabi, gaskiya ne ga kifin tafki da awakin da suka fi ƙarfin makiyaya. Mu ma ƙasa tana da iyakar abin da za ta ɗaukar mana, wanda ya ga gonakin ƙauyenmu ba zai yi musu ba. Abin da nake ƙara wa ɗalibaina shi ne, dabba ba ta sanin iyakar sai ta faɗa mata, mutum kuwa an ba shi hankalin da zai hango ta tun daga nesa, ya dasa itace, ya bar wa gona hutu, ya ba da tazara tsakanin haihuwa, ya kai yaro asibiti tun ran farko. Wannan na ƙarshen nakan faɗe shi da sauri in juya ga allo, domin ni kwana biyu na jira.

Iya ta rasu da kakar shekarar da ta biyo. Bayan an share makoki, wata rana da hantsi na sami Baba shi kaɗai a zaure yana gyaran igiya. A lokacin ya haura sittin, gemunsa ya yi fari. Na zauna na gaya masa abin da ta faɗa mini a ɗakina, har da zancen leƙensa ta kafar zana. Ya ajiye igiyar. Ya ce shi ya san an yi wasu kafin shi, amma ba wanda ya taɓa zama ya ba shi labarinsu, balle sunayensu. Ya ce tun yana yaro yake zaton wani laifi ya yi mata wanda ba a gaya masa ba. Ya juya fuskarsa wajen bango, na sunkuyar da kaina don kada in ga abin da bai so in gani ba.

Can ya ce, "Uwata, wadda nake bi, me kika ce sunanta?"

Na ce Rakiya. Ya maimaita a hankali, sau biyu. Sannan ya ce in faro masa daga na farkon, kada in yi sauri, yana so ya riƙa sa su a addu'a. Na fara daga Mamman, ina faɗa yana bina, in ya ɓata in koma baya, har ya riƙe su duka bakwai.